Jinin da Muka Je Nema Maraɗi

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a wurin niƙa a tare ni, a Islamiyya ma malama na juya baya sai in ji an taɓo ni: "Dije, wai yaya Faransa take?" Nijar suke nufi, haka muke kiranta a nan. Sai ka ce yawon shan iska na je. Har da wadda ta ƙare mini kallo ta ce ba ta ga na yi ƙiba ba. To ga shi na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma a bar ni in ji da tukunyata.

Ga wadda ba ta san mafarin abin ba, maigidana Baban Ummi direba ne. Akori-kura yake ja tsakanin Kaura da Shinkafi, ya kai gero da dawa, ya dawo da albasa da awaki. Abincinsa tun kafin in zo gidansa shayi da burodi da safe, goro da rana, shayi da burodi da yamma. In na tuƙa tuwo ya dawo ya ce ya ƙoshi a tasha. Ga basir mai zubar da jini da ya daɗe yana ɓoyewa, wanda ba mai saninsa sai ni mai wanki.

Wata ranar kasuwar Shinkafi ya sunkuya zai taya ɗaga buhu, sai ya ji kamar a ƙirjinsa aka sauke buhun. Zufa ta karyo masa, ciwo ya bi hannun hagu har muƙamuƙi. Aka kai shi asibiti a can, suka ce bugun zuciya ne, wata jijiya mai kai wa zuciya jini ce ta toshe. Suka ba shi ƙwayoyi, suka ce a hanzarta kai shi inda akwai na'urar duba zuciya. Wansa Yaya Mamman, dillalin shanu a Shinkafi, ya ce ya ji. Ya ɗauke shi ya kai shi gidansa.

Yaya Mamman mutum ne da Allah bai taɓa jarrabarsa da rashin sani ba. Ciwon saniya, ciwon mutum, ranar da ruwa zai sauka, duk yana da labari. Ya ce babu wata jijiya, mataccen jini ne ya taru a ƙirji, kuma maganinsa tun kaka da kakanni ƙaho ne. Ya kira wanzami.

Da na goya Ummi na bi su Shinkafi, a tsakar gida na iske su. Baban Ummi na zaune a kan turmi ba riga, ƙahoni sun kafe a bayansa kamar an dasa, wanzami na bi yana zuƙa yana liƙe baki. In ya cire ɗaya ya juye a kasko, sai Yaya Mamman ya leƙa ya yi kabbara.

"Dije, zo ki gani da idonki! Kin ga baƙi? Wanga abu cikin mijinki ya hito. Da mun biye ma masu farar riga da yanzu shina nan ciki."

Na leƙa. Baƙi ne kam. Amma ni abin da na tsaya kallo tafin hannun Baban Ummi ne, fari fat, irin yadda nawa ya koma bayan haihuwar Ummi, lokacin da ko guga na ja sai na ga taurari. Na ce a hankali, "Yaya, ni kamar jinin ne ya yi mishi kaɗan."

"Ke! Namiji kike haɗawa da mai jego?"

Ƙaho kuwa ya zama kamar sallar Juma'a, ba a fashi. Duk zuwan wanzami sai an ce an samu sauƙi, kuma sauƙin ya yi ta ƙaruwa har ya kai mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai ba ya iya zuwa bayi sai ya huta a hanya. In na sa kunne a ƙirjinsa zuciyar na gudu kamar an biyo ta. Ƙafafu suka fara kumbura. Ni kuma na daina barci, na koma lissafin yadda takaba take da goyo.

Gwaggo Zali ce ta cece mu, ƙanwar mahaifinsu da ke aure a Maraɗi. Labari ya kai mata ta bakin 'yan shanu, ta aiko cewa a kawo mata ɗanta ko a ga fushinta, akwai asibiti kusa da ita mai na'urar. Yaya Mamman ya yarda nan take. Daga baya na gane dama ya daɗe yana son ganin yadda shanu ke tashi a kasuwar can.

Muka biyo ta Kaura don Inna, surukata, ta sa albarka. Kun dai san shekarar da ake ciki, an ƙaddamar da Shari'a kowa na ɗoki, ni ma har da ni, don tun da aka rufe gidan giyar bayan tasha unguwarmu ta samu lafiya. Sai dai an hana ɗan kabu-kabu ɗaukar mace. Saboda haka maza biyu suka hau babur suka tafi tasha kamar angwaye, ni na biyo su a ƙasa da goyo, da ƙullin kaya a ka, da buta a hannu, da tabarma a hammata. Da na iso Yaya Mamman ya ce mata dai ba su san sauri ba.

A motar Jibiya maza gaba, mata baya. Direban abokin aikin Baban Ummi ne, ya sa shi a kujerar ƙarshe ta maza, ni a bayansa daidai, ya zama shi ne iyakar maza da mata. Duk ramin da muka faɗa sai kansa ya langaɓe, sai na miƙa hannu ta baya na tallafe masa. Haka muka tafi har bakin Zurmi, inda 'yan agaji suka tsayar da mu. Wani ya leƙo, gemunsa bai gama yanke shawarar fitowa ba.

"Baiwar Allah, mi ya haɗa hannunki da kan namiji?"

"Mijina ne, ba shi da lahiya."

"Ina shaida?"

Wace shaida ake ba mace ranar ɗaurin aure ban da goro? Sai wata dattijuwa kusa da ni, Hajiya Gambo mai kai daddawa Jibiya, ta fizge hular Ummi.

"Ɗan nan, dubi kunnen ɗiyag ga, ka dubi nashi. In ka taɓa ganin irin wanga faifai a wani gida daban, ka kai mu gaban alƙali mu duka."

Mota ta ɗauki dariya. Shi ma ya dara, ya ƙara duban fuskar Baban Ummi, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce Allah ba shi lafiya, ya ce wa direba ya bi a hankali. Tun da nake ban taɓa gode wa Allah a kan kunnuwan gidansu ba sai ranar.

A Zurmi aka tsaya sallar azahar. Na ga mai balangu, na sayo wa Baban Ummi da ɗumi, har da 'yar hanta. Ya miƙa hannu ke nan Yaya Mamman ya tare.

"Mai ciwon ƙirji da nama? So kike jinin ya ƙara kauri?"

Ya sayo masa shayi baƙi ƙirin da burodi. Naman kuma, don kada a yi almubazzaranci, ya sadaukar da kansa ya cinye.

Daga Zurmi zuwa Gurbin Ɓaure ba hanya ba ce, ramuka ne aka ɗan yayyafa wa kwalta. Muna fita daga jiharmu direba ya waiga hagu da dama, ya zaro kaset daga ƙarƙashin kujera ya sa kiɗa. Wani malami a gaba ya yi gyaran murya. Direba ya ce, "Malam, su nan ba su fara ba tukuna." Can na hango ƙafar malam na ɗan motsi.

A Jibiya muka sake mota. Ni da nake jin ana cewa iyaka, na ɗauka katanga ce mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Ashe sanda ce aka gitta a kan ganga. Geron wancan gefe da na wannan gefe duk ɗaya, akuya ma na gani ta tsallaka ba wanda ya tambaye ta takarda. Namu ma'aikatan suka tambaye mu abin da muka kawo musu. Na can, jandarma, masu wando kamar a jikinsu aka ɗinka, suka tambaye mu kati. Ɗaya ya tsare Yaya Mamman da Faransanci. Yaya ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗaga murya irin ta kasuwar shanu, yana nuni da hannu.

"MU! ASIBITI! ƘANENA! CIWO!"

Jandarma ya bari ya gama, sannan ya ce da Hausa tas, "Alhaji, ni ba kurma ba ne. Ɗan Tibiri ne ni." Ya leƙa ya ga Baban Ummi, bai ƙara tambayar kati ba, da kansa ya ɗaga sandar.

Abin da na fara gani a Maraɗi mace ce a kan babur. Ba goya ta aka yi ba, ita ke tuƙi, da jakarta a kafaɗa, har tana yi wa wani namiji hon ya kauce. Na tuna tafiyar da na sha zuwa tashar Kaura da tabarma a hammata, na ce Allah mai iko. Burodinsu dogo kamar taɓarya, kuma da za a yi daka da shi zai yi. Asibiti su ce gidan likita, likitan kuma su ce lokotoro. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai, da rana ta take sai gari ya mutu. Kanti a rufe, ofis a rufe, kowa ya tafi ya kwanta, wai haka Turawansu suka koya musu. Mu namu Turawan ko barcin ba su bar mana ba. Mun iso a makare, aka ce masu ganin likita sai da safe.

Gwaggo Zali ta sauke mu a ɗakin surukarta, ta yi mana dambu da zogale da fura mai nono wadda rabona da irinta tun ina gidanmu. Tana ganin Baban Ummi ta juya baya ta share ido da gefen mayafi. Yaya Mamman shi ya samu abokai a ƙofar gida, masu dafa shayi a 'yar buta kan gawayi, mai ɗaci kamar maɗaci, a ɗan kofin da bai fi a ɗiga wa jariri magani ba. Ya ce bai taɓa shan abin da ke wanke jini irinsa ba, ya yi ta aiko wa ƙanensa.

Da safe na shirya tun da wuri. Yaya Mamman ya ce ni da Gwaggo mu je mu sayo burodi tukuna, kada a je wurin likita da yunwa. Muka tafi. Da muka dawo na hango jakar fata a bakin zaure, irin wadda na sani.

A garin da bai kwana biyu ba, mutumin nan har ya samo wanzami. Baban Ummi na kan kujera 'yar tsugunne, ƙahoni a baya.

Gwaggo ta ce, "Mamman, mi nike gani haka?"

"Gwaggo, ko saniya za a kai kasuwa ai sai an wanke ta. A kai shi gaban likitan wata ƙasa da dattin jini, a ce mu 'yan Najeriya ba mu san komi ba?"

Bai rufe baki ba Baban Ummi ya sulale gefe kamar an zare wa buhu igiya. Ban san lokacin da na yar da burodin ba. Na kira shi da sunansa na yanka, sunan da ban taɓa faɗa ba tun da aka kai ni gidansa, a gaban wansa da gwaggonsa, bai amsa ba. Wanzami ya tattara ƙahoninsa ya bi ta ƙofar baya. Ba mota a layin. A amalanken jaki mai kai itace muka ɗora shi, ina tafe ina riƙe da kansa, Ummi na tsala kuka a bayana, jaki kuma na tafiya irin ta wanda ba mijinsa ba ne.

A gidan likita suka karɓe shi da gudu. Suka liƙa masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta yi ta fitar da takarda mai zane kamar sawun kaza. Suka ɗebi jini kaɗan a hannu. Ya farfaɗo, amma leɓensa kamar an shafa toka. Can sai ga lokotoro, kuma mace ce, 'yar siririya da tabarau da ɗan kallabi. Yaya Mamman ya yi ta leƙen bayanta yana jiran likitan ya shigo.

Ta ja fatar idon Baban Ummi ta duba, ta juya tafin hannunsa, ta dubi farce. Sannan ta ɗaga rigarsa ta baya. Ta daɗe tana kallo. Bayan nan kamar gonar da aka yi wa huɗa, tsaga kan tsaga, wata ta warke wata ɗanya.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Yaya Mamman ya gyara tsayuwa. "Ni na sa. Mataccen jini munka cire. Da kin ga baƙinshi."

"Alhaji, in ka yanka rago ka bar jinin a kasko, wane launi yake komawa?"

Yaya ya ce ai wannan daban.

Ba ta ja da shi ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da Baban Ummi, ta tambaye shi sana'arsa, da abin da yake ci, da ko yana ganin jini in ya zaga. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya faɗi gaskiya.

Ta ce, "To direba, bari in yi maka maganar mota. Ranar da ciwon ya kama ka a kasuwa, wani yanki na zuciyarka ya rasa jini ya mutu. Kamar inji ne ya kashe fulogi ɗaya. Sauran za su iya jan motar, amma sai da mai. Jini shi ke ɗaukar iskar da kake shaƙa ya kai wa zuciya, kuma jiki ba ya iya haɗa jini sai da sinadarin ƙarfe da ake samu a abinci. Ita kanta tsokar zuciya da shi take aiki. Kai naka ya daɗe da yin ƙasa. Basir na ɗiba, shayi a kan abinci na hana shi shiga jiki, burodi ba ya kawo shi. Ban ce shi ya toshe maka jijiya ba. Amma ciwon ya iske zuciyar da yunwa, shi ya sa ya yi mata ɓarna da yawa, kuma ta kasa murmurewa. In ka juye baƙin mai a mota, mi kake yi?"

Ya ce da ƙyar, "A zuba sabo."

"Kai an yi ta juyewa. Wa ya zuba maka?"

Baban Ummi ya rufe ido. Na ga hawaye ya bi ta gefen kunnen nan nasa.

Ta ce jininsa ya yi ƙasan da ba za a jira ƙwaya ta yi aiki ba, sai an ƙara masa yau, kuma a ƙa'idarsu dangi ke bayarwa. Na miƙa hannu tun ba ta gama ba. Ta ja fatar idona ni ma, ta dubi Ummi, ta ce, "Ke da za a samu rara da ke zan ƙara wa." Gwaggo ta tsufa. Duk muka juya muka dubi mutum ɗaya, mai wuya kamar na bijimi, wanda ya cinye balangun ƙanensa a Zurmi.

Jama'a, ashe Yaya Mamman ba shi da jini. Tun yana yaro haka yake, Inna ma ta sani. Kuma yana jin jiri-jiri tun jiya. Kuma wani malami ya taɓa gaya masa ƙarfe bai dace da jikinsa ba. Kuma ai bai san ko ya halatta ba, ya kamata a tambayi malamai tukuna.

Gwaggo Zali ta aje carbinta.

"Mamman, ni na yi maka wankan jariri, na san abin da ke jikinka. Kasko nawa ka cika da jinin ɗan'uwanka kana kabbara? Yau an ce ka ba da leda guda ka zama malami? Kwanta, ko in cire maka rigar da hannuna gaban matan Faransa."

Aka gwada, jininsu ya zo ɗaya. Ya kwanta. Ya yi kalmar shahada, ya bar wasiyyar wanda zai karɓar masa bijimai biyu da ke hannun wani Bafillace, ya ce in ya cika a kai shi Shinkafi kada a binne shi a ƙasar da ake barcin rana. Da aka soka allura ya ce "Wayyo Inna!" da muryar da ta sa masu jinya leƙowa daga wani ɗaki. Mai ɗibar jinin ya ce yara ma na yi ba kuka. Da aka gama ya sha madarar gwangwani, ya ci tsire, ya ce a riƙe shi zai faɗi. Bai faɗi ba.

Aka rataya ledar a kan Baban Ummi. A hankali suka sake ta, ɗigo-ɗigo, wai zuciya mai rauni ba a yi mata ambaliya. Na zauna a ƙasa da Ummi a cinya ina bin kowane ɗigo da ido har ya shige hannunsa. Ban iya addu'a mai tsawo ba, abu ɗaya na yi ta maimaitawa, Allah kada yarinyar nan ta tashi tana tambaya yaya kamannin ubanta. Wajen la'asar na ga leɓensa ya fara komawa leɓen mutum. Ya buɗe ido ya ce yana jin yunwa. Na ce shayi? Ya ce a'a, tuwo.

Mun ɗan jima a can. Ni a tabarma ƙarƙashin gadonsa, Gwaggo na kawo abinci, Yaya Mamman na kasuwar shanu yana nuna wa mutane inda aka soka masa allura. Ranar sallama lokotoro ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce yankin da ya mutu ya mutu, tabo ne, ba ya dawowa. Ba ɗaga kaya, ba doguwar tuƙi sai an ga hali. Jinin da aka ƙara masa na ɗan lokaci ne, dole jikinsa ya koma haɗa nasa. Ta ba shi magungunan zuciya, ta ce a nemi maganin basir na asibiti, ya riƙa cin nama da hanta daidai gwargwado, da wake da zogale, ya bi da lemo, shayi kuma ya yi nesa da lokacin cin abinci. Ƙaho ko da wasa. Sannan ta miƙo wasu jajayen ƙwayoyi na ƙarin jini, ta ce watanni zai yi yana sha, ni ma ta ba ni nawa, ta ce kada mu tsorata in bayan gida ya yi baƙi, aikin maganin ne.

Baban Ummi ya juya ƙwayar a hannu. "Dije, wannan ba irin wanda anka ba ki wurin awo ba ne?"

"Shi ne."

"Maganin masu ciki?"

"Shi fa."

"Don girman Allah kada 'yan tasha su ji."

Na yi masa alkawari, kuma ga shi ban gaya wa kowa a tasha ba.

Dawowa ba wani labari, sai dai a Zurmi ni na sayi balangu na miƙa masa a gaban Yaya Mamman, ya cinye, wannan karon ba wanda ya tare.

A gida sauƙi ya fara samuwa, na gaskiya wannan karon. Kumburin ƙafa ya saɓe. Ya fara zuwa masallacin unguwa ba tare da ya jingina da katangar kowa ba. Motar ya ba wani yana ja, shi yana zama a tasha yana haɗa lodi, in ya dawo da yamma ya zauna ya dubi hannuwansa. Na san kewar sitiyari yake.

Sai bayan gida ya yi baƙi kamar yadda aka faɗa. Duk da an gaya masa ya tsorata, ya je ya gaya wa Inna. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta ce, "Wata 'yar Faransa ta fi ni sanin cikin ɗana? Mataccen jinin ne bai ƙare ba, ga shi yana neman hanya." Ta aika a kira wanzamin unguwa.

Ku da kuke da surukai kun san inda na tsaya. Ba ni da bakin hana Inna, shi kuma bai taɓa ce mata a'a ba tun da aka haife shi. Ina cikin ɗaki ina jin wanzami na wasa aska a zaure, Baban Ummi ya fara cire maɓallin riga yana kallon ƙasa. Na goya Ummi, na ce yau ko dai in fita in kwanta a kan ƙahonin nan a kore ni gidanmu, ko in zauna in zama gwauruwa da ladabi. Na kai bakin ƙofa ke nan na ji sallama. Yaya Mamman ne, ya sauka daga motar Shinkafi zai wuce Kasuwar Daji. Na ce shi ke nan, an cika.

Ya dubi wanzami, ya dubi kasko, ya dubi ƙanensa ba riga.

"Mi za a yi nan?"

Inna ta leƙo ta ce ɗan abin da ya rage za a cire.

"A cire mi? Inna, kin san jinin wa ke jikin yaron ga? Nawa ne! Ni anka kwantar, ni anka soka ma allura kamar ta ɗinkin buhu, na ga lahira da idona a ƙasar mutane. Har yau in na tashi tsaye sai na ji jiri. Sannan wani ya zo da ƙahon saniya ya zuƙe shi ya zubar a kasko kaji su sha?" Ya juya kan wanzami. "Kai, tattara. In aski ne ga kaina. Amma ka kuskura ka taɓa bayan nan, sai mun je gaban alƙali, don dukiyata ce."

Inna ta ce, "Mamman, ba kai ka fara kawo shi ba?"

"Wancan jininshi ne, Inna, ya yi yadda ya so da abinshi. Wanga nawa ne."

Wanzami ya yi masa aski ya tafi. Baban Ummi ya mayar da rigarsa. Yanzu duk ranar da Yaya Mamman ya biyo ta Kaura sai ya tsaya, da ƙullin hanta a hannu, ya ja fatar idon ƙanensa ya leƙa kamar mai duba saniyar da ya ba kiwo, sannan ya kira ni.

"Dije! Ya sha jan maganin nan yau? Ki kula mini da shi. Ba ni da wani in wanga ya ƙare."